Idan Mahaifi Zai Zo Maka Alƙahira: Yadda Za Ka Karɓe Shi Ka Zagaya Da Shi Gari

Ɗalibin da ya yi shekara biyu ko uku a Alƙahira ƙafarsa ta riga ta saba. Yana hawa bene hawa biyar ba haki, yana ɗare ƙaramar bas tana tafiya, yana tsallake babban titi motoci na gilmawa gaba da baya, ko a jikinsa. To ranar da aka bugo masa waya aka ce Baba ko Umma na nan tafe, sai ya zauna ya jero wurare rututu yana son a gama su cikin mako guda. Ya manta wanda zai zo ɗin ya haura sittin, ga ciwon gwiwa, ga hawan jini, kuma bai taɓa shiga birni mai mutum sama da miliyan 20 ba.

Kuma fa ba kallon dalar Giza ne ya kawo shi ba. Uban da ya yi shekaru yana aiko kuɗi, da uwar da ba ta sallame salla ba tare da ta ambaci sunanka ba, abin da suka zo gani shi ne inda kake kwana, abin da kake ci, waɗanda kake zama da su, da wanda kake ɗaukar karatu a gabansa. Yawon gari ƙari ne a kan wannan. Idan ka tsara ziyarar bisa ƙarfin jikinsu da abin da ke ransu, sauran mai sauƙi ne. Maganar duk ɗaya ce ga ɗalibi namiji da ɗaliba mace.

Tun kafin su taso

Fara da lokaci. Daga Yuni zuwa Agusta zafin Alƙahira yana kaiwa digiri 35 har ya wuce, kuma yawancin wuraren da za ku je fili ne da dutse, ba inuwa. Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyi ne mai shiga ƙashi, musamman da dare, gidajen kuma ba a gina su don ɗumi ba. Oktoba da Nuwamba sun fi daɗi, sai kuma Maris, sai dai daga nan zuwa Mayu akan yi iskar ƙura mai zafi, wadda ba ta yi wa mai asma daɗi. Ko kusa kada ziyarar ta faɗo cikin makonnin jarrabawarka. Ka faɗa musu kai tsaye. Babu uban da zai so ya zama sanadin faɗuwar ɗansa.

Biza a gida ake nemanta, a ofishin jakadancin Masar, kuma sharuɗɗanta kan canza, don haka a tambaya can kafin a yanki tikiti. A haɗa da katin rigakafin cutar shawara. Jirgin EgyptAir yana tashi kai tsaye daga Kano da Abuja da Legas. Ga dattijo, gara a ƙara kuɗi a hau wanda ba ya yada zango a wata ƙasa. Idan tafiya tana masa wuya, a nemi keken guragu tun lokacin yankan tikiti. Wasu iyayen kan ji nauyin hawansa, sai ka lallashe su, domin tsakanin ƙofar jirgi da wurin duba fasfo tafiya ce mai tsawo.

Maganar magani ba ta wasa ba ce. Duk wanda suke sha kullum su zo da shi cikin kwalinsa na asali, da takardar likita, a jakar hannu. Masar tana tsaurara doka ƙwarai kan ƙwayoyi irin su tramadol, har an ɗaure baƙi a kansu. Kuma ka roƙe su kada su karɓi saƙon kowa a filin jirgi in ba su buɗe sun ga abin da ke ciki ba.

Sai masauki. Gidan ɗalibai na Bu'us da ke Abbasiyya ba wurin sauke uba ba ne, haka ma ɗakin da kuke kwana ku huɗu a Hayyul Ashir. Nemi shaƙƙa, wato sashen gida na haya, mai kaya a ciki ta mako biyu ko wata guda, kusa da inda kake zaune a Madinatu Nasr ko Darrasa. Ka je da ƙafarka ka gani, kada ka dogara da hoton da simsar, wato dillalin gidaje, ya turo. Abu uku za ka duba: lif yana aiki ko kuwa hawa na ƙasa ne, akwai ruwan zafi, masallaci yana kusa yadda Baba zai iya takawa da asuba. Ka gaisa da bawwabin gidan, wato mai gadinsa, ka ɗan yi masa ihsani tun ranar farko. Shi zai sayo burodi, shi zai nemo mai gyara in famfo ya lalace.

In sun tambaye ka me za su kawo maka, kada ka ce ba komai. Ka ce kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji da garin tuwo. Rabin amfanin kayan nan su za su ci shi.

Ranar isowa da kwana biyun farko

Ka riga jirgin isa. Ka zo da ruwan sha, da rigar sanyi in lokacinsa ne, da layin waya na Masar da ka riga ka sa wa kuɗi. Kira mota ta manhaja, Uber ko inDrive, don kada gardamar kuɗin tasi ta zama abu na farko da za su gani a ƙasar. Ka rubuta adireshin masaukin da Larabci a ƴar takarda, da lambarka da ta wani abokinka, ka sa musu a aljihu, ta zauna nan har su koma. Agogon Masar yana gaban na Najeriya da Nijar da awa ɗaya, lokacin zafi kuma awa biyu, sai ka gyara musu wayar saboda lokacin shan magani.

Ranar farko ba inda za a je. Wanka, abinci, salla, barci, kiran gida a ce an sauka lafiya.

Rana ta biyu ita ce mafi muhimmanci a duk ziyarar, kuma ita ɗalibai suka fi tsallakewa. Ka kai su ɗakinka, ko da ƙarami ne, ko da katifa ce a ƙasa. Ka nuna musu littattafanka da sakamakon jarrabawarka. Ka kai su kulliyarku su ga ƙofar da kake shiga kullum. Idan akwai malamin da kake zama a gabansa, nemi izininsa tun da wuri ka kawo Baba su gaisa. Minti goma da uba zai yi da malamin ɗansa, ya ji ya ce yaron yana ƙoƙari, sun fi masa duk gidajen tarihin Masar. Da yamma kuma ka tara abokanka ƴan gida su zo gaisuwa, a tuƙa tuwo, a yi hira da Hausa. A nan Umma za ta gane su wane ne abokan zamanka, kuma za ta gane ɗin, ba sai an yi mata bayani ba. Yaran nan ma sun daɗe ba su durƙusa gaban wata uwa ta sa musu albarka ba.

In akwai ganin likita

Mutanenmu da yawa kan haɗa ziyarar da duba lafiya. In haka ne, a fara da asibiti kafin yawo, domin wasu gwaje-gwajen sai ba a karya ba, sakamakon kuma yakan ɗauki kwanaki, likita na iya cewa a dawo. Ka nemi likitan da kanka ta hanyar waɗanda suka taɓa zuwa wurinsa, ka tambayi kuɗin komai a wurin biya, ka karɓi rasit. Akwai masu tsayawa tsakanin majinyaci baƙo da asibiti suna ninka farashi, wasunsu da harshenka za su yi maka magana. A ƙarshe ka nemi a rubuta rahoton da Turanci don likitan gida ya iya bi.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba. Uwa ba za ta iya bayyana kowane ciwo ta bakin ɗanta namiji ba, haka uba ta bakin ƴarsa. In Umma ce za ta ga likita, ka roƙi wata ɗaliba mai hankali da riƙon amana ta shiga da ita, kai ka jira a waje.

Azhar da abin da ke kewaye da ita

Ƙa'idar fita ita ce wuri ɗaya babba a rana, a fita da sassafe, a dawo bayan azahar a yi ƙailula. In ƙarfi ya rage, a yi ƴar fita ta yamma. Duk inda za ku, ka san inda masallaci da makewayi suke tun kafin a buƙace su.

Fara da masallacin Azhar. Fatimiyyawa suka kafa Alƙahira a 969, suka fara ginin masallacin a 970, aka yi Juma'ar farko a cikinsa a 972. Kada ka tsaya kan shekaru kawai. Ka zaunar da su a farfajiyar nan ta farin marmara, ka nuna musu zaurukan da ake kira ruwaƙai, inda a da kowace ƙasa ke da nata masaukin almajirai, har da na mutanen Barno. Ka ba su labarin Malam Muhammadu al-Kashnawi, Bakatsine masanin lissafi da falaki, wanda ya yi hajji ya zauna Alƙahira yana karantarwa har ya rasu a 1741 a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti. Baba zai ji cewa ba baƙon wuri ya turo ka ba, hanya ce da magabata suka bi da ƙafa da raƙumi. In an dace da lokacin darasi, ku zauna a bayan halƙa, wato da'irar masu ɗaukar karatu, ko na minti ashirin ne.

Daga nan masallacin Husaini tsallaken titi ne. Akwai hanyar masu ƙafa ta ƙarƙashin titin, ku bi ta nan. Gaba ɗaya ma, duk inda za a tsallaka titi a Alƙahira, ka ajiye kunya ka riƙe hannun mahaifinka, ka tsaya ta ɓangaren da motoci ke tahowa, kada ku ruga kuma kada ku ja da baya. Da kyau ka ce, "Baba, ku ba ni hannunku, direbobin nan ba sa tsayawa." Zai ba ka.

Kasuwar Khan al-Khalili tana jikin masallacin, tun ƙarni na 14 take nan. Lungunanta da cinikinta kamar na Kurmi ne, don haka Umma ba ta buƙatar a koya mata tayi. Kai dai fassara. Amma ranar nan kallo kawai za a yi, sayayya sai ƙarshe. In ƙafa ba ta gaji ba, ku ɗan taka titin Mu'izz zuwa wajen Babul Futuh. In ta gaji, ku nemi wuri ku sha ruwan rake.

Idan Juma'a ta riske su, ku yi ta a Azhar, ku je da wuri don a sami wurin jingina. Akwai sashen mata. Safiyar Juma'a ita ce lokacin da titunan garin ke zama fayau, don haka duk wata tafiya mai nisa a cikin gari ta fi sauƙi a lokacin.

Fusɗaɗ da gawar Fir'auna

Masallacin Amru ɗan As da ke Fusɗaɗ, tsohuwar unguwar Alƙahira, wanda aka kafa bayan buɗe Masar wajen 641 zuwa 642, shi ne masallaci na farko a ƙasar. An sha rushe shi ana sake ginawa ana faɗaɗawa, ginin yanzu ba na sahabbai ba ne, amma wurin shi ne. Shimfiɗaɗɗe ne, ba hawa, ga sanyi, ya dace da dattijo. Jirgin ƙasa na metro yana tsayawa kusa da shi a tashar Mar Girgis. In kuna son su ɗanɗani metro, wannan ce ranar, amma ba da sassafe ko bayan la'asar ba lokacin cunkoso. A tsakiyar kowane jirgi akwai taragun mata zalla.

Ba nisa daga nan akwai gidan tarihin wayewar Masar, inda aka mayar da gawawwakin sarakuna 22 a watan Afrilun 2021, maza 18 da mata 4. Kusan duk uban da ya zo, wannan ne zai tambaya: ina gawar Fir'auna? Za ku sauka wani zaure mai duhu-duhu a ƙasa, ba a ɗaukar hoto, ba a ɗaga murya. Za ku ga Ramsis na biyu da gashinsa a kansa, da ɗansa Merneptah. Kada ka nuna ɗaya ka ce wannan ne na Annabi Musa, tun da masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Wasu sun karkata ga uban, wasu ga ɗan. Ka faɗa musu haka. Kuma kada ka cika su da bayani a wurin. Mutumin da ya shekara hamsin yana karanta ayar nan ta suratu Yunus kan gawar Fir'auna ba ya buƙatar tafinta a gaban akwatin gilashin nan, ka bar shi ya tsaya iya son ransa.

Ganuwar Salahuddin da maƙabartar malamai

Salahuddin al-Ayyubi ya fara gina ganuwar nan a kan tudu a 1176, masallacin Muhammad Ali mai dogayen hasumiyoyi da ke cikinta kuma na ƙarni na 19 ne. Daga farfajiyarsa ana hango garin gaba ɗaya, in sama ta washe har dalar Giza. Sai dai akwai hawa da tafiya a kan dutse, ka auna gwiwar baƙonka tukuna. A ƙasan tudun akwai masallacin Sultan Hasan da aka fara ginawa a 1356, mai makarantu huɗu na mazhabobi huɗu a kusurwoyinsa. Ka nuna wa Baba ta Malikiyya. Ni a wurina, in dole a zaɓi ɗaya tsakanin ganuwar da Sultan Hasan, Sultan Hasan za a zaɓa.

Daga nan Ƙarafa, tsohuwar maƙabartar Alƙahira, ba nisa. Can ne kabarin Imam Shafi'i, wanda ya rasu a 820, da na Imam Laisu ɗan Sa'ad, da na manyan almajiran Imam Malik irin su Ibnul Ƙasim da Ashhab. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, shi ma a yankin yake kwance. Shi ne ɗayan Jalalu biyun da ake jan tafsirinsu a masallatanmu duk azumi, kuma ya taɓa rubuto wasiƙar nasiha ga Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas. Ayyukan tituna da gadoji sun canza hanyoyin shiga maƙabartar a ƴan shekarun nan, don haka ka je kai kaɗai tun kafin ranar ka gano hanya.

A nan sai ka san mahaifinka. Wani ziyarar nan ce zuciyar tafiyarsa, zai so a ƙara da Sayyida Nafisa da Sayyida Zainab, in Batijjane ne har da zawiyar Shaihu Muhammadul Hafiz da ke Mugarbilin. Wani kuma zai yi sallama ga mamata ya wuce, bai son ganin masu shafar ƙarfen kabari. Mai yiwuwa karatun da ka yi ya sa ra'ayinka ya bambanta da nasa. Wannan ba makon muƙabala ba ne. Ka kai shi inda yake so, ka tsaya a gefensa da ladabi.

Dalar Giza

A ware mata rana guda, a isa da buɗe ƙofa kafin rana ta take. Babbar dalar, ta sarki Khufu, ta kai shekara 4,500, tsayinta na asali mita 146. Gani ya kori ji, ko wanda ya ce shi ba ruwansa da duwatsu sai ya yi shiru in ya tsaya gindinta. Tikitin yawancin wuraren tarihi yanzu da katin banki ake saye, ba a karɓar tsabar kuɗi, kuma kada ka dogara da katin bankin gida. Yi amfani da naka na Masar. Ka riƙe katin makarantarka, ɗalibi yana samun ragi, da iƙamarka, wato takardar izinin zamanka, da fasfonsu.

Shiga cikin dalar tikiti ne daban, kuma ban ba da shawarar a kai dattijo ba. Rami ne matsattse da ake hawa a sunkuye, ga zafi, ga ƙarancin iska, ƙarshensa ɗaki ne da akwatin dutse wayam. Masu raƙumi da keken doki za su yi muku caa. In Baba na son hawa, a yanke kuɗi tun a ƙasa, a fayyace na mutum nawa ne, zuwa ina, kuma har da dawowa. Wanda ya miƙo wani abu ya ce kyauta ne, a ce an gode a wuce. Sabon babban gidan tarihin da ke kusa, inda kayan Tutankhamun suke, yana da girma ƙwarai. In za a je, a ba shi tasa ranar.

Ciki da yamma

Abincin Masar ba zai ba su wahala sosai ba in ka gabatar da shi da sunan da suka sani. Mulukhiyya lalo ce, bamiya kuɓewa, karkade zoɓo, tamar hindi tsamiya, dom kuma goriba ce aka jiƙa. Ful, wato dafaffen wake, da ɗa'amiyya, wato ƙosansu, da burodin baladi sun isa karin kumallo. Kushari, wato shinkafa da taliya da adas da soyayyar albasa, a gwada sau ɗaya da rana. Ruwan gora za su sha. In akwai mai ciwon suga, ka riƙa cewa a kawo shayi ba sukari, don hannun Misirawa yana da nauyi a nan. Da dare dai a dawo ga tuwo.

Wata yamma ka ɗauki ƙaramin jirgin ruwa mai filafilai, wanda suke kira faluka, ku yi awa guda a kan Nilu kafin magariba. Ku kaɗai, ba irin masu kiɗa da fitilu ba. Ba tafiya, ba hayaniya, kuma sau da yawa a irin wannan zaman ne maganar da aka zo da ita daga gida take fitowa: yaushe za ka gama, me za ka yi bayan nan, batun aure. Ka shirya amsoshinka na gaskiya. In akwai darasin da ka faɗi ko bashin da ke kanka, ka faɗa da bakinka kafin su tafi.

Tsaraba da komawa

Kwana biyu na ƙarshe na sayayya ne. Tun farko ka sa su rubuta sunayen waɗanda za a kai wa tsaraba, in ba haka ba kuɗi zai ƙare a kan mutum biyar na farko. Dalar Amurka a canza ta a banki ko wurin canji mai lasisi, canjin bayan fage laifi ne a dokar Masar. Abaya da jallabiya da mayafai sun fi araha a Ataba da Muski fiye da Khan al-Khalili, sai dai cunkoson wurin ya yi wa dattijo yawa. A je da hantsi, a riƙe jaka a gaba. Littattafai kuwa suna shagunan bayan masallacin Azhar. In ziyarar ta faɗo ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu, baje kolin littattafai na Alƙahira, wanda ake yi tun 1969, ya fi ko'ina.

Littafi yana da nauyi, kuma uba mai son karatu ba ya jin wannan maganar a cikin shago. Ka ari sikeli ka auna kowace jaka a masauki daren tafiya, abin da ya haura ka riƙe, ka aika da shi ta hannun ɗalibin da zai je hutu. Rahoton likita da magani da fasfo su koma jakar hannu. Ku bar gida da wuri, awa uku kafin tashi ku kasance a filin jirgi. Ba za a bar ka ka wuce wurin bincike ba, don haka tun a layi ka nemi wani Bahaushe da zai hau jirgin, ka gabatar masa da su, ka roƙe shi ya kula da su har wurin ɗaukar kaya. Sannan ka kira wanda zai tarbe su a Kano ko Abuja ka faɗa masa lambar jirgin, lokacin saukarsa da agogon gida, da yawan jakunkunan da zai ƙirga.